Mangwaro Shida a Gonar Aro

Ni na buga takardar da ta cinye gonar Baba, da yatsun nan nawa. A lokacin ina aikin buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma a Mubi. Duk abin da aka yanke a zaman majalisa gabana ake kawo shi a rubuce da biro, in buga in mayar. Yawanci ba na ma karanta abin da nake bugawa, ido na kan takarda, hankali na kan abin da zan dafa in na koma gida. Amma ranar wata Talata na ci karo da sunan Wuro Patuji, sai yatsuna suka tsaya da kansu.

An yanke cewa gonakin da ke tsakanin tsohon burtali da mayo, wato rafin da ke bayan unguwar, sun daina zama gonaki. Za a yanka su filayen gidaje, a fitar da tituna. An ma riga an ba ɗan kwangila aikin share hanya da zarar an kwashe amfanin gona. Kafin nan kwamiti zai zagaya ya duba abin da kowa ya kafa a wurin, bishiya ko rijiya ko gini. Wanda aka samu da abin da ya kafa, a rubuta sunansa a ba shi fuloti a sabon tsarin. Wanda ba a samu da komai ba, sai dai ya yi haƙuri.

Gonarmu tana tsakiyar wurin, kuma babu ko bishiya ɗaya a cikinta.

Ba lalaci ne ya hana ba. Kakana maƙeri ne, daga yamma ya zo Mubi da guduma da zugazugi, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Wani manomi Bagude, ɗan asalin yankin, Kirista, wanda kakan nawa yake ƙera wa fartanya, shi ya ara masa wannan gona. Aro kuwa a nan yana da ƙa'ida: ka shuka dawa, ka shuka gyaɗa da wake, duk abin da za a girbe a shekara, amma ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce ke nan. Kakana bai dasa ba har ya koma ga Allah. Baba ya gaji ƙira ya gaji aron, shi ma bai dasa ba. Muna yara in muka sha mangwaro muka yar da ƙwallon ya tsiro, Baba tuge shi yake yi ya wurga bayan kunya. In rana ta yi zafi, sai mu tsallaka iyaka mu zauna a inuwar masu gona. Kowace kaka kuma Baba yakan kai damin dawa ɗaya da sabuwar fartanya gidan ɗan wancan manomi, tsoho sa'ansa, wanda mu yara muke kira Baba Maigona. Tare suka tashi, tare suka yi kiwon awaki, har furfura ma kusan tare ta fito musu.

Mu kuwa a gidan haya muke a unguwar Yelwa. A gidan haya aka haife ni, a gidan haya aka haifi ƙannena. Inna ta gaji da tashi, duk lokacin da mai gidan hayar ya ce yana son gidansa sai ta ɗaure tukwane mu nemi wani. An haifi Baba a Mubi, ya tsufa a Mubi, amma babu takarda ko ɗaya a duniya da ta haɗa sunansa da ƙasar garin. Ga shi yau ana rabon fuloti a kan gonar da ya yi shekaru yana zubar wa gumi. Haba! Kaina ya ɗau zafi tun kafin in kai ƙarshen shafin.

Ba a yarda mu fitar da maganar ofis ba. Na fitar. Ana tashi na tare keke ban tsaya gida ba sai maƙera. Na tarar da Baba yana dukan ƙarfe, na jira ya tsoma shi a ruwa, sannan na zayyana masa komai ko numfashi ban ja ba.

Ya ce, "To."

Na ce, "Baba, to kawai? Mangwaro za mu dasa. Ko guda biyar, ko uku. Kafin kwamiti ya zo sun kama."

Ya ce, "A gonar wa?"

"A gonarmu mana!"

"Wa ya ba mu?"

Na ce shekara nawa muna nomanta, ai ko makaho ya san tamu ce. Ya ce shekarun ba su mayar da aro kyauta ba. Na ce to ya je ya roƙi Baba Maigona izini. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba riga. Ya ce mutumin da ubansa ya rufa wa ubanmu asiri ba a zuwa masa da roƙo na biyu. In yana da niyya ya san hanyar maƙera. Ya mayar da ƙarfensa wuta, ya ce in gaida Inna.

Wallahi ranar nan na ji haushin Baba, haushi na gaske. Mutum ana shirin tashinsa yana lissafin kunya!

Maganar ba ta daɗe a ɓoye ba, don ba ni kaɗai ke da baki a sakatariya ba. Cikin mako biyu gonakin bayan burtali suka koma kamar lambu. Masu sayar da dashe a leda suka yi ta ciniki. Wani ya haƙa rami ya ce rijiya ce, wani ya jera bulo huɗu ya ce harsashin gini ne. Akwai wanda ya ciro babbar gwaiba da saiwarta daga gidansa ya kai gona a kan amalanke, kwana uku ganyen ya zube, bai fasa zuba mata ruwa ba. Kowa na motsi sai mu. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In ina ofis ina son in je gona, in na je gona na tsaya a kan iyaka ina kallon dawar Baba sai in ji kamar in yi ihu. Abinci ya daina shiga. Na buga takardar hutu ta wani ma'aikaci na sa masa shekarar da ta wuce, shugabata ta ce ko ba ni da lafiya ne.

Na koma wa Baba sau uku. Na bi ta Inna, ta ce ita ba ta shiga tsakaninsa da amanar ubansa, amma ta faɗa tana kallon rufin ɗakin da ke yoyo. Sai aka kawo mini sanarwar ranar zagayen kwamiti in buga. Litinin mai zuwa.

Ranar Juma'a aka tashi daga ofis da wuri. Na san Baba yana masallaci, daga can kuma sai ya zauna gaisawa da mutane har la'asar. Na sayi dashen mangwaro shida, na loda a keke, na ce wa mai keken ya sauke ni bakin burtali. Da kayan ofis a jikina, da takalmi mai tsini, na kutsa cikin dawa. Ƙasa ta sha ruwa, haƙa bai yi wuya ba. Na dasa su a tsakiya inda kara ya yi tsawo, na tattake gindin kowanne, na watsa busasshen ganye don kada a ga sabuwar ƙasa. Ina fitowa na hango babban ɗan Baba Maigona a can gefe yana cire wa shanunsa ciyawa. Na gaishe shi ya amsa. Ya dubi hannuwana, ya dubi ledojin da na dunƙule, ya koma kan ciyawarsa. Na ce a raina oho dai, aikin gama ya gama.

Asabar da hantsi ina wanki Baba ya shigo da daro a ka. Ya sauke a gabana. Mangwarona ne duka shida, ya ciro su da ƙasarsu, ko saiwa ɗaya bai tsinka ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Sa mayafinki ki ɗauka."

Ni na ɗauki daron nan a ka tun daga inda keke ya ajiye mu har ƙofar gidan Baba Maigona, mace da aikin gwamnati, mutane na kallo. Muka same shi zaune a tsakar gida yana gyaran igiya, babban ɗan nasa na tsaye a jikin rumbu. Baba ya gaisa, ya sa na ajiye daron a gaban tsohon, ya ce, "Ɗan'uwa, 'yata ta dasa itace a gonarka ban sani ba. Ga su na ciro. Na zo ba da haƙuri."

Baba Maigona ya dubi daron. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya zagaya bayan rumbu, ya dawo riƙe da wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai dashen mangwaro guda ɗaya, ganyensa shar.

Ya ce da ni, "'Yata, kin yi sauri." Ya juya ga Baba. Ya ce tun da ya ji maganar kwamiti yake fama da 'ya'yansa su yarda a bar mana gonar, don ba shi kaɗai ke da ita ba yanzu. Sai daren Alhamis suka amince. Gobe Lahadi in an taso daga coci ya yi niyyar kiran mai unguwa da dattawa, ya je ya dasa wannan da hannunsa a tsakiyar gonar, ya ce na Baba ne. In mai ƙasa ya dasa maka itace da hannunsa a gaban shaidu, aro ya ƙare ke nan.

 Kwana biyu! Kwana biyu kacal na kasa jira.

Tsohon ya ce ba komai, yaro ai yakan yi kuskure, gobe yana nan a kan bakansa. Ban san lokacin da na ce "Mun gode, Baba" ba. Amma Baba ba tsohon yake kallo ba, ɗan da ke jikin rumbu yake kallo, wanda ya kawar da kai tun shigowarmu bai ko amsa gaisuwata ba.

Baba ya ce, "A'a, ɗan'uwa. Da jiya ne da na karɓa da hannu biyu. Yau in ka dasa, mu biyu mun san kyauta ce. In mun mutu, 'ya'yanka za su ce sai da muka fara kai hannu sannan aka ba mu. Kuma ba za su yi ƙarya ba."

Baba Maigona ya yi magiya, har ya yi fushi, ya juya harshe ya yi ta faɗa da Gudanci wanda Baba yake ji sarai. Na durƙusa na ce laifina ne, a hukunta ni, kada a hukunta Inna. Baba ya ce in tashi mu tafi. Ya bar daron a nan, ko waiwaye bai yi ba.

A hanya na fashe. Na ce masa wannan ba amana ba ce, girman kai ne. Na ce ya fifita abin da za a faɗa bayan ransa a kan matar da ke tare ruwan sama da roba a ɗakinta. Maganar da ban taɓa tsammanin zan faɗa wa mahaifina ba ke nan. Ya bar ni na gama, ya ce, "Wataƙila." Ya tare mana keke.

Litinin kwamiti ya zagaya. Bishiyoyin da ke kan iyakar gonar na masu gona ne, don haka da sunansu aka rubuta wurin. Da jerin sunayen ya iso teburina na buga shi tsaf, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Sau biyu na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, alhali na san abin da ba zan gani ba.

Da kaka ta yi Baba ya girbe dawarsa, ya kai dami ɗaya da sabuwar fartanya kamar kullum. Mako na zagayowa katafila ta shiga. Titin da aka fitar ya bi ta tsakiyar gonar daidai inda na haƙa ramukana. Yanzu shaguna ne hagu da dama, har da mai wankin mota. In aiki ya kai ni wajen nakan ce wa mai keke ya bi ta wata hanya, in ya tambayi dalili in ce masa ina ruwansa.

Baba ya rasu a gidan haya a Yelwa. Baba Maigona ya zo jana'iza da sanda, ya tsaya a gefe har aka gama. Shi ma bai daɗe ba ya bi shi. Har yau ban gama shari'ar nan a raina ba. Wata rana in ce Baba ne da taurin kai, wata rana in ce ni ce da rawar kai, in yi ta juyawa har aikin da ke gabana ya lalace.

Dashen nan bakwai, shida nawa da na gwangwani, tsohon ya dasa su a bayan gidansa, duk suka kama. Kowace shekara in mangwaro ya nuna, ɗan nan da ya ƙi amsa gaisuwata yakan aiko mana da shi, cike da daron da Baba ya bari. Bana ma ya aiko. Inna ta wanke ta zauna a ƙofar ɗakin hayarta tana sha, ta miƙo mini ɗaya. Na ce ba na so.

Ta ce, "Karɓi mana. Ai ke kika dasa."