Ƙyauren Zaurenmu na Mungadi

Ranar Asabar ce, mako guda bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu, na karya ƙyauren zaurenmu. Inna ta shanya irin albasa a tsakar gida, ta ce in kore awaki kafin ta dawo daga gidan suna. Ni kuwa na maƙale a jikin ƙyauren ina lilo, in tura ƙasa da ƙafa ya tafi da ni, ya dawo da ni. A zuwa na huɗu gindinsa ya ɓurme, muka zube tare. Kafin in gama kakkaɓe zanena, awakin maƙwabta sun bi ta kaina sun watsa rabin irin cikin ƙasa.

Ƙyauren na maɗaci ne, baƙi, mai nauyi. Kakanmu ya sa aka sassaƙa shi tun kafin a haifi Baba. Da yamma a jikinsa muke jingina muna ɓarar gyaɗa, a bayansa muke laɓewa in ana ɓuya, da gawayi nake gwada rubutu a kansa. Da Baba ya dawo daga gona ban jira a tambaye ni ba, na faɗi abin da na yi. Ya tsuguna ya murza gindin, itacen ya zama gari a hannunsa. "Gara ta riga ki," ya ce, "amma irin ke za ki tsince shi." Na yi wuni biyu ina tankaɗe ƙasa da rariya.

Daga nan gida ya rabu biyu. Baba yana son na ƙarfe, irin wanda ya gani a Aliero in ya kai albasa: ba ruwansa da gara, ga sakata mai ƙarfi. Kaka, mahaifiyarsa, ta ƙi. Ta ce ƙarfe da rana ba ya taɓuwa, da damina sai tsatsa. Kwana uku asabari ne a bakin zaure. A na huɗu muna tsinkar zogale, Kaka ta faɗa mini gaskiyar abin, muryarta ƙasa-ƙasa: "Wanga ƙyaure ta nan anka shigo da ni amarya, ta nan anka fita da kakanki. In an fasa shi an hura wuta, mi ya rage min?"

Na kai wa Baba maganar yadda na ji ta. Ranar kasuwa ya tafi Jega wurin mai walda, ya dawo da ƙofar ƙarfe shuɗiya a bayan mota, kuma tare da masassaƙi. Aka yanke ruɓaɓɓen gindin, aka rage tsawon maɗacin, aka kafa shi a ɗakin Kaka. Ta shafa shi da man gyaɗa da hannunta, sannan ta fito ta ƙwanƙwasa sabuwar, ta ce, "To, Allah shi sa albarka."

Yanzu a Jega nake aure. Layinmu duk ƙofofin ƙarfe ne dogaye, baƙo sai ya kira waya daga waje kafin a buɗe masa. A Mungadi kuwa, ko da itace ko da ƙarfe, daga asuba ƙofarmu a buɗe take wuni. Bara na roƙi maigidana a riƙa barin ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar ƙofarmu a buɗe da rana, ya yarda. Maƙwabta sun fara shigowa da sallama kawai.