Shekara Tara da Muka Zaɓi Garba Mai Toka

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma shekara tara ke nan da Alhaji Bukar, ciyaman na kwamitin gasar ƙwallon unguwanninmu, ya zauna a kan tabarmar makoki a ƙofar gidanmu da ke unguwar Fezzan a Maiduguri, ya ce a gaban mutane ni na kashe shi. Bai ce da wuƙa ba. Cewa ya yi da biro. Ya faɗa, ya shafa fatiha, ya sa takalminsa ya shiga mota. Har yau bai dawo ya ce ya yi kuskure ba, ni ma har yau ban yafe ba. Mai son yi mini wa'azin yafiya ya dakata tukuna ya ji yadda aka yi.

Sunana Sale, faci nake yi a bakin titi. Garba shi nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ɗan ƙwallo ba ne, bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba. Ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi, amma abin da gari ya san shi da shi shi ne zana fili. Duk ranar wasa, da an sallame asuba zai ɗauki buhu ya bi masu ƙosai da gidajen burodi yana kwasar toka. Ya kawo ya tankaɗe da rariya, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya bi ta da gwangwani mai huda yana zuba layi a sunkuye. Shekara ashirin yana wannan, ba wanda ya sa shi. Tokar ta zauna masa a ƙirji, kullum da ɗan tarinsa. Idan tuya ta yi ƙaranci a unguwa, har unguwar Dala yake takawa neman toka. Shi ya sa ba mai ce masa Garba kawai, sai Garba mai toka.

A gasar tamu akwai al'ada. Idan aka gama wasannin shekara, ana yin wasan zaɓaɓɓu, wato 'yan kallo su ne za su zaɓi 'yan wasan da suka fi burge su, a raba su gida biyu su kara. A bayan tikitin shiga ake rubuta suna, a jefa a akwati a bakin ƙofa. To yawancin masu zuwa kallo 'yan dako ne da mahauta da masu tura kura, boko bai dame su ba. Ni kuwa na ɗan taɓa sakandare kafin na bari. Saboda haka kowace shekara nakan zauna a benci a bakin ƙofa da biro, mutum ya miƙo tikiti ya faɗi suna, in rubuta, ya jefa da hannunsa. Kwamiti ya san da haka. Bencin ma nasu ne.

A shekarar da nake magana, kwamiti ya ba direbobin tirela masu lodin shanu filin su riƙa kwana a ciki daga yamma. Sai aka ɗauke wasa daga bayan la'asar aka mayar da shi ƙarfe biyu na rana. Wanda ya san ranar Maiduguri a bazara ya san abin da ake nufi da ƙarfe biyu. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Yara masu jini a jika suna faɗuwa ana yayyafa musu ruwa. Garba kuma sai ya fara kwashe kashin shanu, ya cike ramin tayoyi, ya rufe baƙin mai da yashi, kafin ya kai ga toka. Mutane suka yi magana, ciyaman ya ce wanda ba ya son rana ya tafi gidan kallo, akwai fanka. Ƙungiyar Dala ta kai kuka a rubuce, aka kore ta daga gasa.

Ranar zaɓe, wato ranar wasan ƙarshe, wani dattijo daga Dala da muke ce wa Ba Kaka ya miƙo mini tikitinsa ya ce, "Rubuta Garba."

Na ce, "Wane Garba, Baba? Na wace ƙungiya?"

Ya ce, "Yayanka mana. Duk filin nan shi kaɗai ke aiki. Bari mu ga ko za su iya karanta sunan da bakinsu."

Na bayansa suka ji suka kwashe da dariya. Na biyu ya ce shi ma Garba. Na uku ma haka. Kafin a tafi hutun rabin lokaci magana ta zaga fili, mutane suna barin kallo suna dawowa layi. Na rubuta Garba mai toka har yatsana ya yi kanta. Kuma ba zan ɓoye ba, ina rubutawa ina dariya. Lissafinmu shi ne kwamiti zai ji kunya, ya soke wasan, ya kira mu a zauna a kan maganar rana da tirela. Ba wanda ya je ya tambayi Garba. Yana can ƙarƙashin dogonyaro yana naɗe igiyarsa.

Ciyaman bai soke komai ba. Ya ɗauki lasifika ya karanta sunan yana murmushi, har sau biyu. Ya ce tunda jama'a sun zaɓa, doka ita ce wanda aka zaɓa zai buga daga farko har ƙarshe, babu canji. Wanda kuma ya ƙi, ya raina gasa, kada a sake ganin ƙafarsa a filin. Wannan dokar a ranar aka haife ta, ba mu taɓa jin ta ba. Washegari ya aiko da jesi mai lamba biyar har gida.

Na roƙi Garba. Na ce ya ce ba shi da lafiya, ai ba ƙarya ya yi ba. Mutum ya kusa hamsin, ga tari. Ya ɗaga jesin yana kallo ya ce, "Sale, shekara ashirin ina zana layin nan, ban taɓa tsallaka shi da jesi ba. Kuma idan na ƙi suka hana ni filin, wa zai zana?" Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne fuskarsa. Daɗi yake ji. Shi bai ɗauka mun yi amfani da shi don mu ƙona ran ciyaman ba. Ya ɗauka jama'a sun gan shi.

Ranar wasan shi ya zana filin da safe kamar kullum, sannan ya je ya wanke hannu ya sa jesi. Duk sanda ƙwallo ta taɓa ƙafarsa fili ya ɗauki ihu. Da mu aka yi ihun. Bayan an dawo hutu na ga gudunsa ya koma tafiya, tafiyar ta koma tsayuwa. Ya ɗaga hannu wajen rumfar manya. Mai horar da su ya miƙe zai yi canji, ya waiwaya ya dubi ciyaman, ciyaman ya girgiza kai, ya koma ya zauna. Ba a yi minti biyar ba Garba ya durƙusa a tsakiyar fili, ya kifa. A keke muka kai shi asibiti. Bai ga magariba ba.

Ranar uku ciyaman ya zo gaisuwa da leda a hannu. Ya zazzage tikitocin a kan tabarma ya ce, "Jama'a ku duba da idonku. Hannu ɗaya ne. Mutum ɗaya ya zauna ya cika akwati da sunan ɗan'uwansa don ya tozarta kwamiti, ga abin da ya jawo." Rabin waɗanda ke zaune a wurin sun tsaya a layina ranar zaɓe. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba Kaka ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sauran suka kau da kai. Maganar ta shiga cikin gida kafin ciyaman ya kai bakin titi. Falmata matar Garba tana gama takaba ta kwashe yara ta koma gidansu a garin Khaddamari. Idan na je da salla ta labule take amsa mini gaisuwa. 'Ya'yan yayana sun girma da labarin da aka zazzage a kan tabarma.

Nakan tambayi kaina, da Garba zai leƙo yau, me zai ce? Filin ya tsuke, an jera shaguna a gefen gabas. Tirela suna nan, wasa yana nan ƙarfe biyu, ciyaman yana nan a kujerarsa, sai dai gemu da ya yi fari. Layi kuwa kowa ya ga dama shi ke ja, da ƙafa ake kwatanta shi, ga shi nan a karkace kamar sawun maciji. Na san Garba ba zai tsaya zagin kowa ba, ba halinsa ba ne. Gwangwani zai nema. Wannan halin nasa ne ya sa muka raina shi ba mu sani ba, mu da muke cewa muna son sa.

Ba don tuna baya kaɗai na yi wannan rubutu ba. Bana samarin unguwa sun gaji kamar yadda muka gaji, kuma sun samo dabara, a ganinsu sabuwa. Yanzu ba tikiti, a waya ake zaɓe. Sun haɗa kai suna zaɓen Modu Gana, mai sayar da ruwan leda a bakin fili. Ya haura hamsin, yana da hawan jini, ƙafafunsa a kumbure. Har sun haɗa hotonsa da jesi suna tura wa juna. Na same su a majalisarsu na ce su bari. Ɗaya ya ce, "Haba Baba Sale, ai ba dutse muka ɗauka ba, ƙuri'a ce kawai. Kunya za mu ba su." Kalma ɗaya bai canza ba daga abin da muka faɗa. Na ba su labarin Garba, suka ce Allah ya jiƙansa, ai yanzu zamani ya canza, ciyaman ba zai kuskura ba.

Sai na je wurin Modu Gana da kansa. Na tarar da shi yana jera ruwa a kan ƙanƙara. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Sale, ka ji an ce ni ke kan gaba?" Yana faɗa yana rufe baki da hannu, yana dariyar kunya. Na san wannan fuskar. Na sayi ruwa ɗaya na tafi.

Me ya rage na Garba? Ba a sa wa filin sunansa ba, ba kofi, ba komai. Igiyarsa da turakunsa suna cikin akwatin kayan facina. Tsofaffin 'yan wasa idan mun haɗu sukan ce a zamaninsa ba a taɓa faɗa a kan ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, kowa yana ganin layi. Wannan ya rage, kuma ba kaɗan ba ne. Sai kuma abin da ya rage a wuyana. Ban cika akwati ba, Allah shaida ne, amma na yi dariya, kuma ban tashi daga benci na je na tambaye shi ba. Mun ɗauki talaka mun yi sanda da shi don mu doki babban mutum. Babban mutum ko gezau. Sandar ce ta karye. Wannan rabon nawa ne, na ɗauka. Rabon ciyaman kuwa ba zan ɗaukar masa ba.

Wasan zaɓaɓɓu Asabar mai zuwa ne. Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, na je na tsaya a jikin motarsa. Shekara tara ban yi masa magana ba. Ya gan ni ya ɗan tsaya, sannan ya miƙo hannu yana gaishe ni ya ce, "Wushe, Sale. Kwana biyu." Ban karɓa ba. Na ce maganar Modu Gana ce ta kawo ni. Ya gyara hula ya ce shi ba ruwansa, jama'a ke zaɓe, doka kuma tana nan yadda take, wanda aka zaɓa zai buga.

Mutane sun fara taruwa, ban rage murya ba. Na ce, "Alhaji, saurara da kyau. Idan sunan ya fito, ka karanta, ka ba shi jesi, ka zaunar da shi a inuwa kusa da kai. Ba abin da zai rage ka. Idan kuwa ka ce sai ya shiga, to na riga na yi magana da ladanin masallacinmu, ya ce zai ara mini makara. Ranar Asabar ƙarfe ɗaya zan kawo ta in ajiye a gaban rumfarka, inda duk fili zai gani, in zauna a gefenta. Sai ka sa a busa usur. In ya faɗi, ba keke za mu nema ba. Kuma gaban makarar kai za ka kama, har maƙabarta, da ƙafa, cikin ranar da ka zaɓa."