Waƙar da Na Goge da Hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, da hantsi, aka kawo takardar rasuwarka gidan rediyon da nake aiki, Dogo. Mai karanta labarai ta karanta ta a layi uku, ta wuce ga farashin taki. Ko baiti ɗaya na waƙarka ba a sa ba.

Wurin maigida ɗaya muka koyi waƙa. Na riga ka zuwa da shekara biyu, amma ranar da ka buɗe baki sai ya ce in koma amshi. Daga amshi na zarce ɗakin ajiyar kaset na rediyo, na shekara talatin ina kaɗe wa muryarka ƙura. Yau da ƙasa ta rufe idonka zan faɗa: na yi kishinka, kishin da ke hana loma wucewa.

Kai kuwa ko a jikinka. Duk sabuwar waƙa sai ka kawo mini ka ce, "Yaya, ya ka ji ta?" Sai in taɓe baki in ce da saura. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, kai ka yi ta zarya da motarka. Ka zauna bakin gadonta kana rera mata waƙar nan da ka yi wa uwa, tana yi maka murmushin da ni ɗanta ban taɓa samu ba. Har wannan alherin haushi ya ba ni.

Shekara shida ke nan, wasu malamai suka zo da takarda. Suka ce kiɗa na ɓata tarbiyya, in ba a daina ba za su hana mabiyansu kama tashar. Shugabanmu ya tsorata, ya ce in ɗiga jan fenti a kan duk kaset ɗin da suka rubuta. A ƙa'idar gidanmu ba a yar da kaset mai jan ɗigo, wani shirin ake naɗa a kansa. Waƙoƙinka goma sha ɗaya suka lissafa. Nawa biyu tal da ke ɗakin ajiyar ko kallo ba su ishe su ba. Wallahi har wannan ya ci mini rai, wato ko a wajen hani ma ka fi ni!

Waƙar uwa ba ta cikin takardar. Babban malaman ma cewa ya yi a bar wannan, shi kansa tana sa shi hawaye. Ni na ɗiga mata ja. Ni na naɗi shirin noman rani a kanta, alhali na san a gidan rediyonmu kaɗai aka naɗe ta, babu wani naɗin a ko'ina. Da labari ya kai maka, cewa ka yi, "Yaya, kada ka damu, na san umarni aka ba ka." Na bar malamai da laifin da ba nasu ba.

Jiya babbar 'yarka ta same ni a wurin aiki.

"Baffa, Mama ta ce a taimaka mata da waƙar uwa, ko sau ɗaya ta ji muryarsa."

Na gaya mata gaskiya, abin da na kasa gaya maka. Sai na rufe ƙofa na rera mata da bakina, don babu wanda ya haddace ta kamar ni da na shekara ina sauraronta ina neman aibu. Ta tsaya har na kai ƙarshe, ta share ido.

"Baitocin sun cika, Baffa. Muryar ce babu."

Allah ya jiƙanka, Dogo, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah ya ba su juriyar wannan rashi. Ni kuma ka riga ka yafe mini umarnin da ka zaci an ba ni. Wanda na ba kaina ne ban nemi yafiyarsa ba har ka tafi.