Wasiƙar Ɗan Alhaji Daga Alƙahira

Shekarar da aka yi rikicin mashigin Suwes ina koyarwa a wata firamare kusa da Shahuci, ban daɗe da yin aure ba. Maƙwabcinmu a Jakara wani Alhaji ne mai sayar da turare a Kurmi, kakansa daga Tarabulus ya zo. Shi kaɗai ke da rediyo a lungunmu, kuma babban ɗansa yana karatu a Alƙahira.

Da aka ce jiragen Ingila da Faransa suna jefa bam a Masar, Alhaji ya daina fita kasuwa. Kullum bayan la'asar ina zaurensa, ina sauraren labaran Turanci ina fassara masa. Mahaifina ma yakan taso daga marina a Ƙofar Mata, hannunsa shuɗi, ya zauna da mu.

Wata rana na ji abin da ya sa na ce a ƙara murya. Amurka da Rasha, waɗanda ko gaisuwar kirki ba sa yi, kowacce ta ce maharan su fita daga Masar.

"Malam, sake faɗa!" in ji Alhaji.

Na sake. Ya rungume ni har hulata ta faɗi.

Bayan 'yan makonni wasiƙar ɗan ta iso. Lafiyarsa lau. Ya ce Masarawa sun gode wa manyan ƙasashen nan biyu, amma sun ƙi zama baran kowa. Su sayar wa wannan auduga, su karɓi jakadan wancan.

Mahaifina ya ce, "To mu fa, in Turawa sun tafi, wa za mu bi?"

Na ce, "Baba, ai dole a zaɓi ɗaya, ba mu kai su ƙarfi ba."

Alhaji ya yi dariya. "Malam, rumfata tana tsakanin attajirai biyu da ba sa shiri. Kowa ina gaishe shi, ba na kai maganar wannan wurin wancan. Har yau rumfar tawa ce."

Ranar aka yanka rago, Hajiya matar Alhaji ta aiko da alkaki faranti guda, duk lungun ya ci. Matata ta sami kwalbar turare. Muka yi ta gardama har aka kira magariba. Da muka miƙe, mahaifina ya ja ni gefe.

"Ka tambayo mini, tsakanin mutanen Amurka da na Rasha, su wa ke sa rinannen kaya?"