Furar da Alu Ya Sha a Rugar Rabe

Alu manomi ne a Wurma, kuma a da in aka ajiye masa tuwo, sai dai a zo a ɗauki kwano. Wata damina gyambon ciki ya fashe masa, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa Katsina, likitoci suka yanke rabin tumbinsa. Ya rayu, amma cikin bai ƙara yi masa biyayya ba. 'Yar loma kaɗan ta ishe shi. In kuwa ya sha abu mai zaƙi, sai zufa ta karyo masa, zuciya ta hau bugu, jiri ya kayar da shi. Matarsa Batula kaɗai ta sani. Mutumin nan shegen taurin kai gare shi, ya gwammace a ce masa mai tsirfa da a ji tausayinsa.

Bara shanun wani makiyayi, Rabe, suka cinye masa dawa, ƙanin Alu, Badamasi, ya fasa wa ɗan Rabe kai. Dattawa suka shiga tsakani, aka zauna a ruga, kowa da sandarsa kusa da ƙafa. Da aka shafa fatiha, Rabe ya miƙo wa Alu ƙwaryar fura, an zambaɗa mata sukari don girmama baƙo.

Alu ya dubi ƙwaryar. In ya ƙi sha, ya ƙi sulhu ke nan, kuma ya nuna yana zargin an sa masa wani abu. In ya sha, ya san abin da zai biyo baya. Ya kafa kai.

Ba a kai ga yin sallama ba rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi.

"Yaya, mi suka ba ka?" in ji Badamasi. Ya riga ya ɗaga sanda, samarin ruga ma sun miƙe.

Alu ya zube, ya cafke ƙafar ƙaninsa da duk ƙarfin da ya rage masa.

"Ba su ba ne. Rabin ciki gare ni, tun aikin Katsina."

Rabe ya ɗauki ƙwaryar ya shanye sauran a gaban kowa.

Badamasi ya durƙusa kusa da shi.

"Duk shekarun nan kwano ɗaya muke ci, Yaya. Ina cinye rabonka ina yi maka dariya."