Baba Bai Taɓa Shiga Ƙasar Wani Ta Bayan Gida Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin aji a Safana da hantsi ƙanena Sanusi ya kira ni. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Yaya, ka taho. An harbe Baba bisa hanyar gona." Da alli a hannuna na hau babur, ban lura ba sai da muka shiga Batsari.

Mahaifinmu Malam Iro ɗan kasuwar wake ne daga wani ƙauye a yankin Wagini. Tun yana saurayi yake kai kaya Maraɗi, ya je Kwatano, ya je Kumasi, bai taɓa neman biza ba, domin ƙasashen yankinmu sun yafe wa juna ita. Amma bai yarda a ɗauki wannan rangwame da wasa ba. Yakan ce, "Don ba a tambaye ka biza ba, ba a ce ka haura katanga ba. Ƙasa gidan mutane ce, da sallama ake shiga."

Duk mai shirin ƙetare iyaka a ƙauyenmu sai ya biyo zaurenmu. Baba zai ce ya ga katin shaidarsa da katin rigakafin shawara, ya sa a ɗinke masa aljihun ciki. Ka canji sefa tun kafin ka isa. In jandarma ya tsai da mota, ka sauko ka gaishe shi, ban da gardama. Kada ka riƙe wa kowa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba. Kada ka wuce wata ukun da aka ba baƙo. Kuma kada ka tafi sai kana da mai masauki. "Wanda zai san sunan ubanka in ka faɗi," in ji shi.

Lokacin da aka rufe iyaka, abokan sana'arsa suka koma ɓarauniyar hanya. Shi kuwa ya zauna har ƙwari suka shiga wakensa. Suna yi masa tsiya, suna kiransa Iro Mai Ƙofa, yana dariya.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu, ya kwashi Inna da ƙannenmu mata ya kai su gidan Alhaji Mamman, mai masaukinsa a wani gari kusa da Maraɗi. Kafin wata uku ya cika sai ya dawo da su Batsari ta ƙofa, su ɗan kwana biyu, ya mai da su. Shi ya tsaya yana noma.

Abin da ke ci mini rai ke nan, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ƙasashe suka buɗe wa ƙofa, sai ga shi gonar da ya gada ba ta shiguwa sai da izinin mutanen daji. Sanusi ya roƙe shi ya bari. Baba ya ce, "Na san mai iko da kowace iyaka da na ƙetare. Waɗanga wa ya naɗa su?" Ya saɓa fartanya ya fita.

Mun binne shi a Batsari bayan azahar. Inna tana can gidan Alhaji Mamman, ba ta ga gawarsa ba. A nan damuwarmu ta taso. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma mace ba ta yawo a cikinta, ga wa'adinsu na baƙunci ya kusa cika. Gidanta na aure kufai ne yanzu. In ta zauna, ta karya dokar da mijinta ya mutu bai karya ba. In ta taso, ina za mu sa ta? Kuma wanda Alhaji Mamman yake sauke su don darajarsa ya riga ya kwanta dama.

Ranar addu'ar uku sai ga Alhaji Mamman, tsoho da sanda, ya zagayo ta Jibiya. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kamen maganar Inna. Ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, bari. Kahin in taho sai da na tahi wurin hukuma, na nemo mata izinin zama ita da ɗiyan. Can ɗakin da take za ta yi takabarta. Iro bai taɓa shigo mani ta bayan gida ba, matarshi ma ba ta zama ƙasata a ɓoye."

Tun da aka kira ni ban yi kuka ba sai a wurin.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba Inna haƙuri a ƙasar da ba tata ba, Ya raya ƙannenmu, Ya saka wa Alhaji Mamman da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu. Ya Allah, bawanKa ya zo maKa baƙo. Ka buɗe masa ƙofa, domin bai san wata hanya ba. Amin.