Hannu Mai Yatsa Huɗu a Gidan Bature

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, ni ya faru da ni. Shekarun baya ina aikin gini a Illela, sai aka kira ni gyaran tsohon gidan Bature da ke bayan gari, wanda aka gina da laka tun farkon zuwan Turawa, lokacin da suke shata iyaka da Faransa. Baturen ya tafi, gidan ya zama sito, ya zama kango, daga baya aka share shi aka mai da shi gidan tarihi, har da gadon ƙarfensa da fankar da ake ja da igiya. To bangon gabas ne ya tsage, ga damina ta ƙarato, in ruwan farko ya same shi haka, gidan sai dai labari.

Ni kuwa da ji da kai, sai na kwaɓa siminti. Da hantsi ne fa, rana ƙwal, na ɗaga cokalin gini ke nan sai na ji sallama a bayana. Wani tsoho ne gajere, ƙafafunsa duk laka, hannunsa na dama yatsa huɗu.

Ya ce, "Mi kaka yi ma bangon ga, ɗana?"

Na ce, "Gyara, Baba."

Ya ce, "Kashe shi dai! Laka lumfashi taka yi, kak ka toshe mata hanci."

Na ajiye cokalin. Ya sa na ɗebo jar ƙasa da ciyawa, na jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke ƙarfafa yaɓe, ya naɗe wando muka shiga cuɗawa da ƙafa. Kwana uku yana zuwa, yana tsokanata wai yaɓena kamar na tsohuwa mai gyaran murhu, ni kuma ina dariya, don wallahi tsohon ya shiga raina. Da muka gama ya ce maginan zamanin da ba sa sauka sai sun danna tafinsu a saman bango. Na hau na danna nawa, na sauko in ba shi goro, wayam!

Na tambayi maigadi, ya ce shi kwana uku yana kallona ina ta hira ni kaɗai, har ya fara tausayina. Na kwatanta masa tsohon, sai ya ja ni falo gaban wani tsohon hoto. Bature na zaune, magina na tsaye bayansa, ga tsohon nan nawa a gefe ya dafa kafaɗar wani, yatsa huɗu. Innalillahi! Na koma na hau tsani, kusa da tafina ga wani ɗanye sharaf, na ƙirga yatsun sau uku, huɗu ne.

An yi ruwa, bango bai ko gezau ba. Har yau ban san me na gani ba, kuma in na tuna tsigar jikina tashi take, amma kewarsa ta fi tsoron yawa. In kun shiga tsohon gida ku yi sallama, ko da ba ku ga kowa ba. Ni dai har gobe in na bi ta can, sai na ajiye goro ɗaya a gindin bangon nan.